Agogon da ke ƙirga motsin hannun ɗana, taimako ne ko ƙarin nauyi?

Maman Ɗan Auta:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya min a rai. Ɗana shekararsa 6, yana da serebral palsi, wato lalurar ƙwaƙwalwa da ke shafar motsin gaɓoɓi, a ɓarin dama, hannun a dunƙule yake yawanci kuma sam ba ya son amfani da shi, komai da hagu. Wata uku da suka wuce a wurin gashin ƙashi suka ba mu wasu abubuwa guda biyu kamar agogo, ɗaya a kowane hannu, suna haɗe da wayata ta bulutut, duk motsin da ya yi suna ɗauka su tura wa likitarsa ta intanet, sannan akwai gem a tabulet da yake miƙa hannu yana fasa balan-balan. Da farko wallahi na yi murna don yaron da sai an yi da gaske yake yarda a taɓa hannun yanzu shi ke cewa a kunna masa. To satin jiya likitar ta kira ni ta ce ta ga kwana uku motsin hannun dama ya yi ƙasa sosai, me ya faru? Zazzaɓi yake yi a kwanakin, ni kuma ko barci ban samu ba. Ba da faɗa ta yi maganar ba amma sai na ji kamar an ɗora min mai gadi a cikin ɗaki. Abu na biyu, na lura idan yana gem ɗin ba gwiwar hannun yake miƙewa ba, duk jikinsa yake turawa gaba har balan-balan ɗin ta fashe, gem ɗin kuma ya ba shi taurari. Anya wannan abin yana yi mana aiki kuwa? Akwai wanda ya taɓa amfani da irinsa?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri 'yar uwa. Ya jikin nasa yanzu, zazzaɓin ya sauka?

Maman Ɗan Auta:
Alhamdulillah Anti ya sauka, na gode.

Malam Mai Gashi:
Hajiya sannu da ƙoƙari. Aikina kenan gashin ƙashin yara, bari in ce wani abu a kan na biyun tukuna don shi ya fi damuna. Abin da ke cikin agogon nan sensa ce mai auna girgiza da saurin motsi, wasu kuma har da juyawa, irin wadda ke cikin waya da ke sa sikirin ya juya idan kin kwantar da ita. Dalilin sa biyu shi ne a gwada dama da hagu, a ga kashi nawa na aikin yini hannun da ke da lalura ya yi. Wannan ta iya shi. Amma ba ta san ko gwiwar hannu ce ta miƙe ko kafaɗa da ƙugu ne suka kai hannun ba, ita dai ta ji hannu ya tashi daga nan ya koma can. Yara kuma akwai wayo, duk hanyar da ta fi sauƙi a samu tauraro ita za su bi, kuma ƙwaƙwalwa abin da aka yi ta maimaita mata shi take riƙewa, mai kyau ne ko maras kyau. Idan ya yi wata uku yana tura jiki gaba sau ɗaruruwa kullum to tura jiki ya koya. Abin da idonki ya gani ɗin nan ya fi duk jadawalin da aka tura wa likitarsa amfani. Ki ɗauke shi bidiyo daga gefe, ba daga gaba ba, ko na rabin minti ne, ki nuna mata. Yawanci gyaran ba wuya, a zaunar da shi a kujera mai jingina ƙafafunsa na taɓa ƙasa, a matso da abin da yake miƙa wa hannu kusa, a rage saurin gem ɗin, don idan yaro ya ɗauki zumuɗi ma jijiyoyin ƙara sanƙarewa suke. Amma ita ta san shi, ita za ta tsara.

Maman Ɗan Auta:
Malam wallahi ka faɗi abin da ke raina, na ɗauka ni ce nake neman laifin abin. Kuma gaskiya idan gem ɗin ya yi sauri har yatsun ƙara dunƙulewa suke.

Baban Ummi:
Ni kam zan ɗan saɓa da ke a maganar mai gadi, ki yi haƙuri. 'Yata tana da karkatar ƙashin baya, tun tana shekara 11 aka sa mata rigar roba mai tauri da ke riƙe bayan, aka ce awa 18 a rana. A cikin rigar akwai wata 'yar sensa mai auna ɗumin jiki, idan tana jiki ta sani idan an cire ta sani. Da an tambaye ni a lokacin zan rantse tana sawa yadda aka ce, don da ita take fita makaranta da ita take dawowa. Da aka buɗe bayanan sai ga shi tun daga shigarta aji har tashi rigar ba ta jikinta, cirewa take ta cusa a jaka. Da ba don sensar nan ba da mun yi shekara muna cewa rigar ba ta aiki alhali ba a sa ta ba ne. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, akwai babban binciken da aka yi a Amurka da Kanada mai suna BrAIST da ya fito a 2013, su ma sensar ɗumi suka sa a rigunan, kashi 72 na waɗanda aka sa wa riga karkatar ba ta kai matakin tiyata ba, waɗanda aka zuba wa ido kawai kashi 48, kuma waɗanda suka sa ta wajen awa 13 ko fiye a rana nasararsu ta kai kashi 90. Kin ga ba don an auna awoyin ba da ba wanda zai san haka. Likitarki ta yi daidai da ta kira, wasu nema suke a kira su ba su samu ba.

Maman Ɗan Auta:
Baban Ummi ban ce ta yi laifi ba fa. Amma kai 'yarka babba ce, ita ke cirewa da hannunta. Ni idan layin jadawalin motsin nan ya yi ƙasa ba yaron ake tambaya ba, ni ake tambaya. Ina da wasu yaran, ina da aiki, kullum da dare sai na buɗe manhajar na duba ko mun cika adadin, idan ba mu cika ba har na kwanta ina jin na cuce shi. Da can da babu agogon muna yin atisayenmu mu tashi lafiya.

Maman Gimbiya:
Wallahi na fahimce ki sosai, wanda bai shiga ba ba zai gane ba. Tawa tana tafiya da keken koyon tafiya ne, hannu biyu a kai. Aka kawo mata agogo mai ƙirga taku irin na kowa da kowa, ta yini tana zagaye tsakar gida har gumi, da yamma muka duba taku bai kai ko arba'in ba, ƙanwarta da ke tsalle-tsalle tana da dubbai. Kuka ta yi sosai ta ce ita ba ta iya komai ba. Ashe abin lilon hannu yake ji, ita kuma hannunta a kafe yake a kan keken. Tun ranar na cire.

Malam Mai Gashi:
Haka ne Maman Gimbiya, agogunan kasuwa an tsara lissafinsu ne da tafiyar masu lafiyar ƙafa, tafiya a hankali ko da sanda ko keke takan ɓace musu. Masu bincike a idon sahu suke ɗaura irin nasu don wannan dalilin. Kuma yaran ba ɗaya ba ne, akwai ma'aunin da muke amfani da shi mai suna GMFCS da aka fitar a Kanada a 1997, mataki 5 ne, daga wanda ke tafiya ba tare da taimako ba har wanda sai an tura shi a keke. Kuskure ne a ɗauki adadi ɗaya a ce kowane yaro sai ya cika shi, balle a gwada shi da ƙanwarsa.

Baban Ummi:
Hajiya na ji, kuma na karɓi gyara, ban duba ta nan ba. Ni ma abin da ban faɗa ba, ranar da na ga bayanan faɗa na yi mata sosai, ta yi kwana biyu ba ta min magana, sai mamanta ce ta zaunar da ita a hankali ta gano rigar na gurje mata ƙarƙashin hammata idan ta zauna a benci, kuma 'yan ajinsu na ƙwanƙwasa ta suna dariya. Sensar ta ce an cire, dalilin cirewar kuma sai da aka tambayi mai rigar. An rage gefen, mun yi magana da malamarsu, awoyin suka hau. Amma har yanzu ina nan a kan bakana cewa gara a sani.

Ɗan Kwamfuta:
Iyayena ku ba ni dama in shigo da wani ɓangare da ba a taɓo ba. Mama wannan bayanan da ke fita daga hannun ɗanki ina suke zuwa? Ba wayar likita suke tafiya kai tsaye ba, sai sun fara sauka a sabar wani kamfani, wato babbar kwamfutar da yake ajiye bayanai, daga can ita take gani. Suna ɗauke da lokacin da ya farka, lokacin da ya yi barci, irin lalurarsa, wataƙila sunansa da ranar haihuwa, idan gem ɗin na amfani da kamara har hoton cikin ɗakinku. A 2015 an yi wa kamfanin kayan wasan yara na VTech kutse aka kwashi bayanan yara sama da miliyan 6. A 2017 hukumar sadarwa ta Jamus ta haramta 'yar tsanar nan My Friend Cayla saboda za a iya sauraren yaro ta cikinta, a shekarar kuma ta haramta agogunan yara masu sauraren abin da ke kewaye a ɓoye. Ban ce naku haka yake ba, amma ki tambaye su, wa da wa ke iya ganin bayanan, bidiyon ana ajiye shi ne ko a tabulet ɗin ake sarrafa shi a goge, kuma idan kun daina za a share komai? Idan sun kasa amsa waɗannan to akwai matsala. Sannan ki canza lambar sirrin da abin ya zo da ita idan akwai.

Anti Nas:
Ƙanina maganarka gaskiya ce amma kar ka tsorata mata, uwa ce da ke fama da abin da ya ishe ta. Kayan da asibiti ke bayarwa ba ɗaya suke da kayan wasan kasuwa ba, akwai dokoki a kansu.

Ɗan Kwamfuta:
Anti ba tsoratarwa ba ce wallahi. Dokokin suna nan, Turai na da dokar kare bayanan mutane ta GDPR tun 2018, Amurka na da COPPA ta kare bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13, amma ba kowace ƙasa ke da mai ƙarfi ba kuma ba kowace manhaja da likita ya ce a sauke ce aka yi wa rajista a matsayin kayan lafiya ba, da yawa a matsayin gem ko kayan motsa jiki suke shigowa. Tambaya ai ba ta ɓata komai. Wani abin kuma, kayan nan rayuwarsu a hannun kamfani take. Kinect, kamarar gem ta kamfanin Microsoft, ya fito a 2010, wuraren gashi da yawa da masu bincike suka gina atisaye a kansa don yana ganin gaɓoɓin jiki ba sai an ɗaura komai ba, a 2017 aka daina ƙera shi. Yaro mai serebral palsi kuma shekaru zai yi yana buƙatar atisaye, ba wata shida ba.

Anti Nas:
To wannan na yarda. Ni tawa damuwar ma sikirin ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a zaune gaban sikirin a rana, ƙasa da haka ma ya fi. Na san naki ya wuce shekarun kuma gem na motsi daban yake da zaman kallo, amma na ga yaran da suka saba har ba sa yarda su ɗaga hannu sai an kunna tabulet. Sai kuma batir, idan akwai mai irin ƙaramin nan kamar maɓalli a cikin kayan ki tabbata murfin da sukurun yake, haɗiye batirin na ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi, musamman da kike da ƙanana ko baƙi masu rarrafe.

Kakar Yara:
'Ya'yana ni jikana na reno mai irin wannan lalurar, yanzu ya zama saurayi, lokacin babu ko ɗaya cikin abubuwan nan. Safar hannu likita ta ba mu muke sa wa hannun mai lafiya na wasu awoyi don dole ya yi da ɗayan, yana kuka ina kuka, amma yau da kansa yake ɓalla maɓallin rigarsa. Ba na ƙin sabon abu, da akwai gem ɗin nan lokacin wataƙila da kukan ya ragu. Ke dai 'yata kar ki bari lamba ta hana ki barci, yaro na gane fuskar uwarsa idan tana cikin damuwa.

Maman Ɗan Auta:
Na gode Mama, Allah ya ƙara girma. Wallahi hawaye na yi da na karanta.

Malam Mai Gashi:
Abin da Mama ta kwatanta har yau ana yinsa kuma yana cikin hanyoyin da suka fi samun hujja ga yara masu lalurar ɓari ɗaya, a tsare hannun mai ƙarfi a yi ta atisaye da ɗayan, da kuma atisayen da dole sai da hannu biyu. A nan ne ma agogon yake da amfani na gaske, don bayan an cire safar ana so a san ko yaron ya ci gaba da amfani da hannun a gida ko ya koma gidan jiya, a ɗakin gashi kowane yaro yana yi saboda ana kallonsa. Ni a wurina yaro ya zo sau ɗaya a sati na awa ɗaya, sati kuma awa 168 ne, sauran duk ba na gani. Shi ya sa ba zan ce a jefar da kayan ba. A 2020 lokacin korona da aka rufe wurare, bidiyo da irin waɗannan na'urorin ne suka riƙe yara da yawa. Amma laifinmu ne mu ma'aikata idan muka ba uwa na'ura ba mu ce mata ranar rashin lafiya ba a ƙirga ta ba, kuma yanayin wata guda muke dubawa ba na kowace rana ba.

Baban Jarumi:
Malam tunda kana nan, me za ka ce a kan mutum-mutumin nan da ake ɗaura wa yaro a ƙafa yana tafiya da shi? Ina ta gani a Facebook, nawa bai taɓa taku ba shekararsa 8, har na fara tunanin ko shi ne mafita.

Malam Mai Gashi:
Allah ya ba shi lafiya Alhaji. Suna nan da gaske, akwai Lokomat na kamfanin Hocoma a Suwizalan da ake rataye yaro a kan injin tafiya, akwai Trexo na Kanada, akwai ATLAS 2030 na Marsi Bionics a Sifen da injiniya Elena García Armada ta jagoranci ƙera shi. Suna ba yaro damar tsayuwa da yin taku masu yawa da hannun mutum ba zai iya ba shi ba, kuma farin cikin yaron da ya ga kansa a tsaye ba abin rainawa ba ne. Amma ba zan ce maka zai sa ɗanka ya tashi ya yi tafiya da kansa ba, bidiyon da kake gani yana cikin na'urar ne ake ɗauka. Kafin ka sa rai ko ka kashe abin hannunka ka tambayi likitansa matakinsa a ma'aunin da na faɗa, da halin da ƙugunsa ke ciki, don yaran da ba sa tafiya ƙashin ƙugu kan zame musu a hankali kuma sai da hoto ake gani. Kujera da ta dace da jikinsa da abin tsayuwa na yau da kullum su ne farko.

Baban Jarumi:
Na gode Malam. Maganar ta yi min nauyi amma gara da ka faɗa min gaskiya. Hoton ƙugun ya fi shekara biyu rabon da a yi, zan nema.

Baban Ummi:
Allah ya sauƙaƙa Alhaji, kar ka yi sanyi da maganar hoton.

Maman Ɗan Auta:
Jama'a na dawo da labari. Jiya mun je, na nuna mata bidiyon gefen kamar yadda Malam ya ce, ta kalla sau biyu ta ce ita sam ba ta ga wannan a jadawalin ba, a wurinta ma makin hawa yake ta yi. Ta canza masa zama, ta rage nisan da saurin, ta ce gem ɗin minti goma sha biyar kawai kuma ina kusa da shi, sauran lokacin mu koma abin gaske, ta tambaye shi me yake so ya iya ya ce yanka takarda da almakashi kamar 'yan ajinsu, to yanzu dama na riƙe takardar hagu na yanka. Na kuma faɗa mata yadda kiran ya sa ni ji, ta ba ni haƙuri, ta nuna min wurin da zan danna in rubuta ba shi da lafiya, ashe akwai ban sani ba, kuma ta kashe min sanarwar dare. Agogon sati ɗaya a wata zai riƙa sawa maimakon kullum. Ɗan Kwamfuta na yi tambayoyinka, ta ce bidiyo ba ya fita daga tabulet ɗin, amma na sharewar ba ta sani ba za ta tambayi kamfanin.

Ɗan Kwamfuta:
Madalla Mama. Idan sun amsa ki ce su ba ki a rubuce.

Maman Ɗan Auta:
In sha Allah. Anti Nas tambaya ɗaya, ƙarƙashin maɗaurin na hannun dama ya ɗan yi ja da ƙananan ƙuraje, na hagu kuma lafiya lau, in shafa wani abu ne?

Anti Nas:
Ki cire shi tukuna har wurin ya koma daidai, ki wanke da ruwa ki busar sosai, maɗaurin ma ki wanke. Hannun da ke dunƙule ya fi tara gumi, kuma wataƙila ba ya jin matsi a nan kamar ɗayan shi ya sa bai yi ƙorafi ba, don haka idan za ki mayar ki bar wurin da yatsanki ɗaya zai shiga. Idan jan bai baje ba bayan kwana biyu ko ya fara ruwa ki kai a duba, kuma ki tambaye su ko suna da maɗauri na yadi maimakon na roba.